Wayar da Ƙasimu ya binne

Duk wanda ya taɓa sa wuta a gidansa tsakanin Rogo da Karaye, da wuya a ce bai san Ƙasimu Mai Waya ba. Dogo ne siriri, da ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya daɗe yana saɓa tsani a kafaɗa, kuma ko ɗaurin aure ya je sai ka ga kan tasta, abin gwada wuta, ya leƙo daga aljihun gaban rigarsa. A Beli aka haife shi, gidan shanu da noma. Yayyensa duk suna bayan garke har gobe, shi kaɗai ya fita zakka, ya liƙe wa wani mai gyaran rediyo a kasuwar Rogo tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Daga rediyo ya koma wayarin ɗin gidaje, daga nan ɗaura dish ɗin talabijin, daga nan sola, har zamani ya kawo shi ga jan wayar kwamfuta. Bokonsa bai wuce firamare ba, amma hannunsa na da tsafta. Idan ya ja waya a bango sai ka rantse da ma'auni aka zana ta, shi ya sa mutane suka laƙaba masa Injiniya, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba.

Abu guda ne bai baro a Beli ba, wato kunyar ɗan fari. 'Yarsa ta fari Sadiƙa tun ranar yaye aka kai ta wurin kakarta, can ta tashi. Shekara ashirin da huɗu ke nan sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba. Idan magana ta kama dole sai ya ce yarinyar nan, ko ta wajen Inna. Mutanen gari ma Baban Kausar suke ce masa, da sunan ta biyu, don sun san halinsa. Kada a ɗauka ƙi ne. Da ta samu gurbin karatun kwamfuta a Kano, bijiminsa na gado ya sayar ba tare da ya yi shawara da kowa ba, kuma ranar da ta gama ya zagaya bayan gida ya share hawaye. Amma ta shigo ɗaki ta durƙusa ta ce, Baffa ina kwana, to nan take zai tuna akwai abin da ya manta a kan babur. A wurinmu wannan ba abin mamaki ba ne, har yabon mutum ake yi da shi. Matarsa Talatu ita ce gadar da ke tsakaninsu, duk saƙo ta kanta yake bi.

Shekara biyu da suka wuce wani ɗan kasuwa a Karaye, Alhaji Ɗanmaliki, ya buɗe cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta, don yaran yankin su huta da tafiya nesa. Gini biyu ne da lungu a tsakaninsu, kowanne na cin yara ɗari da ashirin. Babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi tana gini na farko. A kowane gini akwai suwic, wato wani faffaɗan akwati mai kafofi ashirin da huɗu inda wayoyin da suka kwaso layukan kwamfutoci ke haɗuwa, sai kuma waya guda da ta tsallake lungun ta sama ta haɗa suwic ɗin biyu. Ma'ana, jarrabawar duk yaron da ya zauna a gini na biyu a kan wannan waya take rataye. Ƙasimu ne ya ja dukkan wayoyin. Saitin cikin suwic kuwa wani matashi ne da ya kawo kayan daga Kano ya yi shi a yini guda, ya hau mota ya koma, daga nan kuma kullum aka kira shi yana wani gari.

Da masu duba cibiyoyi suka zo zagayen farko, sai suka ce waya ɗaya ba ta isa ba, a ƙara ta biyu, ta yadda idan ɗaya ta mutu ɗayar za ta riƙe yara. Alhaji ya kira Ƙasimu, Ƙasimu ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Kuma gaskiya ya yi dabara: ya ce tunda ta farko ta bi sama, ta biyu ƙasa za ta bi, don kada masifa ɗaya ta haɗa su. Ya haƙa rami a lungun da hannunsa, ya zura wayar a bututu, ya binne, ya daɓe. Kwana biyu yana wannan aiki a tsakiyar bazara. Da ya koma gida yana ba Talatu labari da alfahari, ita kuma da Sadiƙa ta zo daga Beli ranar Juma'a ta kwashe duka ta faɗa mata.

Washegari da ya zauna karin kumallo, sai ya tarar da takarda a ninke a gefen kwanon koko. Talatu ta ce yarinyar ce ta rubuta, kuma ta ce a faɗa masa duk ranar da ya ga dama a shirye take ta bi shi Karaye da laftof ɗinta, aikin ba zai wuce rabin awa ba.

Da Hausa ta yi rubutun, manya-manyan baƙaƙe, don ta san inda karatunsa ya tsaya. Ta ce kafofin suwic ba kamar ramukan soket ba ne da duk inda ka soka wuta za ta zo. Irin wannan wuri, ta ce, ana raba zirga-zirgar cikin waya gida-gida, na jarrabawa daban, na kyamarori daban, na ofis daban, kamar buhu guda da aka zuba gero da dawa da wake kowanne a ƙulle a ledarsa. Masu wannan aiki suna kiran kowane gida VLAN. Kafar da aka soka wayar farko an riga an gaya mata ta bar duka ukun su wuce, amma sauran kafofin ba su san da zancen ba. Don haka sai an shiga cikin suwic ɗin biyu an ware kafa biyu a kowanne, an haɗe su su zama hanya ɗaya mai waya biyu, an buɗe wa gidajen uku hanyar, kuma saitin wannan gefe ya yi daidai da na wancan. A ƙarshe ta ja layi biyu ƙarƙashin magana guda: idan an gama, a kunna komai, a zare waya ta farko da gangan a ga ko gini na biyu zai tsaya da ƙafarsa.

Ƙasimu ya karanta sau biyu. Ya gane kusan rabi, kuma rabin da ya gane ya ishe shi sanin cewa aikin ya fi ƙarfin filaya da sukurdireba. Sai ya hango abin da zai biyo baya: ya goya 'yar farinsa a babur daga Rogo har Karaye mutane na kallo, su zauna kafaɗa da kafaɗa a ɗan ƙaramin ɗaki, ita tana bayani shi yana gyaɗa kai, Alhaji ya leƙo ya tambayi 'yar wace ce. Tunanin kawai sai da ya sa kunnuwansa suka yi zafi. Ya ninke takardar ya cusa a ƙasan akwatin kayan aiki, ya ce wa Talatu a ce mata an gode. A ransa kuma ya ce yaran zamani komai sai sun mai da shi karatu, shekararsa talatin yana soka waya tana aiki.

Ya je ya soka wayar a kafa ta sha biyu a kowane gefe, don kawai ita ce hannunsa ya fi kaiwa. Fitila ta kama. Ya dai lura ba irin ta wayar farko ba ce: waccan kore ce tana ƙyaftawa ba hutawa, wannan kuwa ruwan goro ce, ta tsaya cak. Sai ya gaya wa kansa ai ta ko-ta-kwana ce, hutawa take kafin a buƙace ta. Hannunsa ya kai kan wayar farko zai zare ya gwada, kamar yadda takarda ta ce, sai ya janye. Wannan janyewar ce ya fi kasa yafe wa kansa daga baya, domin ya san dalilinta. Tsoro yake ji kada ya zare ya ga abin da zai tilasta masa komawa wurin yarinyar. Masu dubawa suka dawo, suka ga waya biyu da fitila biyu, suka wuce. Alhaji ya tambaye shi ko an gama, ya ce an gama.

Ranar farko ta jarrabawa ta wuce lafiya. Ranar ta biyu tun da sassafe ƙofar cibiyar ta cika da iyaye da babura. Cikinsu akwai wani dattijo daga Gwangwan, Malam Ashiru, mai sayar da gyaɗa a kasuwar Rogo, wanda Ƙasimu ya taɓa sa wa sola a gida. Ya goyo 'yarsa Rabi'atu, ita ce ta farko a gidansu da ta kai wannan mataki, burinta karatun ungozoma. Suka gaisa da Ƙasimu doguwar gaisuwa, gida da iyali da zafi da gajiya, dattijon ya ce tunda ya ga Injiniya a wurin hankalinsa ya kwanta. Lambar Rabi'atu a gini na biyu ta faɗo.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna, yara sun fara ke nan, wata a-kori-kura da aka yi wa lodin harawa har ya fi ƙarfinta ta kutso cikin lungun don ta kauce wa cunkoson bakin titi. Lodin ya ɗauki wayar sama ya tafi da ita. A gini na biyu kwamfutoci ɗari da ashirin suka tsaya lokaci guda.

Da Ƙasimu ya ji ƙarar tsinkewar, abin da ya fara zuwa masa murna ce, Allah ya sani. Ya ce yau za a ga amfanin haƙan da ya yi. Ya ruga ɗakin suwic, ya tarar fitilar kafa ta sha biyu ta koma kore. Amma ihun masu tsaron jarrabawa daga wancan gini bai tsaya ba. Wayar tana da rai, sai dai ba abin da take ɗauka. Jami'ar da aka turo kula da zaman, wata mata mai gilashi da ba ta ɗaga murya, ta duba agogo ta ce doka ta ba su awa ɗaya. Idan ba a dawo ba za ta rufe zaman wannan gini, a sake wa yaran rana a wata cibiyar.

Awa ɗaya lokaci ne mai yawa ga wanda ya san abin da zai yi. Ƙasimu ya yi duk abin da hannu ya iya. Ya yanke kan wayar da ya binne ya matse sabo, ya je wancan gefe ya yi haka. Ya sa abin gwaji, dukkan zare takwas na cikin wayar suka amsa lafiya lau. Ya kashe suwic ya kunna. Ya ɗauko tsani ya hau yana ƙoƙarin ƙulla wayar da ta tsinke, alhali ya san motar ta ja ta ta miƙe ta lalace tun daga tushe. Gumi ya jiƙa rigarsa har ƙugu, iyaye sun taru a bakin lungu suna ta sannu Injiniya, wasu sun tare direban suna zazzaga masa. Duk wannan lokaci takardar na ƙasan akwatin da ke gindin tsanin, kuma ya san da ita kamar yadda mutum ke sanin ƙayar da ke tafin ƙafarsa. Sau uku yana ciro wayar salularsa yana mayarwa. Ko da ma ya so kira, lambar yarinyar ba ta ciki, bai taɓa ajiye ta ba.

Sai da saura minti biyar ya kira Talatu. Ita kuma tana tsakar gida wayar na ɗaki, sai a kira na uku ta ɗauka, ta tsaya neman lambar, ta karanto masa yana rubutawa a tafin hannu da biro. Ya koma bayan janareto inda ba mai jin sa, ya danna. Da yarinyar ta ɗauka bai yi sallama ba, bai kira suna ba, ya ce wayar sama ta tsinke, ta ƙasa kuma ta ƙi.

Ba ta tambaye shi komai game da takardar ba. Ta ce, "Baffa, wace kafa tsinkakkiyar take?"

Ya ce ta ashirin da huɗu.

"To ka zare ta, ka ɗauko ta ƙasan ka soka a gurbinta. Ka je ɗaya ginin ma ka yi haka. Za ta riƙe ku zuwa in zo."

Ya yi. Tsakanin gini biyun da gudu, duka-duka bai kai minti uku ba. Kwamfutocin gini na biyu suka farfaɗo layi-layi. Amma kujerun babu kowa. Jami'ar ta riga ta rufe zaman minti goma da suka wuce, ta aika da rahoto, yaran na fita a jere, wasu 'yan matan na kuka cikin hijabi. Ya tsaya a ƙofa da filaya a hannu, suna ratsa shi suna wucewa, har wasu na ce masa sannu da ƙoƙari. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya gode mata.

Da la'asar, bayan an tashi zaman rana, Sadiƙa ta iso a kan acaba da jakar laftof. Ta gaishe da Alhaji, ta ce daga gidan su Injiniya take. Ƙasimu ya ja sabuwar wayar sama, wannan karon ta can ƙololuwa, ita kuma ta jona laftof da suwic. Yana tsaye a bayanta ya ga lokacin da saitin ya buɗe, ya ga ta ɗan tsaya. A rubuce yake a gabanta cewa ko layi ɗaya na takardarta ba a taɓa ba. Ba ta waiwayo ba. Ta haɗe kafa ta ashirin da uku da ta ashirin da huɗu suka zama hanya ɗaya, ta buɗe wa gidajen uku, ta tsallaka ɗaya ginin ta maimaita, fitilu biyu suka kama kore suna ƙyaftawa tare. Sannan ta sa aka kunna kwamfutoci, ta ce, ba tare da ta dube shi ba, Baffa a zare ta sama. Ya zare, ba abin da ya motsa. Ya mayar ya zare ta ƙasa, haka nan. Minti ashirin da biyar aikin ya ci.

Alhaji ya tambaye ta me ya faru da safe, tunda an ce waya biyu ce. Ƙasimu ya sunkuya yana tattara kayan aikinsa. Ta ce mota ce ta tsinke waya, saitin kuma da ma yana buƙatar a ƙarasa shi, yanzu an ƙarasa. Ba ƙarya ta yi ba, amma ta jera maganar yadda kowa zai ɗauka laifin matashin Kano ne. Ta rufa masa asiri a gaban idonsa, irin rufin da uba ya kamata ya yi wa 'ya, kuma wannan ya fi masa zafi a kan a ce ta tona.

Bayan kwana biyu ya samu Alhaji a ofis, ya fara kame-kame cewa akwai abin da shi ma ya kamata ya yi tun farko. Alhaji bai bari ya kai ƙarshe ba, ya ce ƙaddara ce, shi dai direban nan ne ba zai yafe wa ba, kuma ya ga irin wahalar da Injiniya ya sha. Ƙasimu ya samu ƙofar fita, ya bi ta. Ya fito yana jin haushin sauƙin da ya ji.

Yaran ɗari da ashirin aka sake musu rana a wata cibiya mai nisa, aka tura sanarwa ta saƙon waya. Yawancinsu sun je. Saƙon Rabi'atu ya shiga wayar babanta ne a makon da wayar ke wurin mai gyara, kuma kafin a karɓo ta a kai wa wanda zai karanta, ranar ta wuce da kwana biyu. Shekarar ta tafi mata haka nan. Talatu ce ta jiyo a gidan suna ta kawo labarin, ba ta san inda zai sauka ba. Ƙasimu yana cin tuwo ya tsame hannunsa.

Yanzu yana nan yana aikinsa, hannun nan nasa bai canja ba. Sadiƙa ce ke kula da saitin cibiyar, wasu makarantu biyu ma sun ɗauke ta, kuma idan aiki ya haɗa su yana tsayawa a bayanta ya zare wayar da ta ce a zare. Har yau bai kira sunanta ba, kuma ba na jin zai kira. Wanda ya san shi da dai zai lura ya daina amsawa da sauri idan an ce Injiniya, kuma ranar kasuwar Rogo yana zagaye layin 'yan gyaɗa ko da hanyarsa ta nan ce.

Rannan dai bai tsira ba. Ya sunkuya yana duba tayar babur sai ya ji an dafa kafaɗarsa, ya ɗago ya ga Malam Ashiru. Aka yi gaisuwa har ƙasa. Dattijon ya ce ya daɗe yana neman sa ya yi masa godiya, don da idonsa ya gan shi a kan tsani ranar nan cikin rana, duk cikin mutanen wurin ba wanda ya wahala saboda yaran kamarsa. Ya ce Rabi'atu ta yi kuka ta gaji ta haƙura, tana ta bitar littattafanta, za ta sake zama bana.

"Na ce mata ta kwantar da hankalinta," in ji shi, "wurin Injiniya za ta koma."

Ƙasimu ya buɗe baki. Maganar na nan a shirye, ya sha jera ta a ransa a kan babur: Malam, ba motar ba ce, ni ne. Amma dattijon ya riga ya jawo jakar da ke rataye a kan babur ɗin yana juye masa kwanon gyaɗa a ciki, yana cewa a kai wa yara, kada ya ce komai, ba yawa. Abin da ya fita daga bakin Ƙasimu shi ne, Allah ya saka da alheri.

Ya kai gyaɗar gida, Talatu ta soya da yamma, yara suka ci suka yi ta santi. Ta zuba masa tasa a ɗan faranti ta ajiye a gabansa. Ya ce mata haƙorinsa ke ciwo.